Zuwa ga ɗana da ya tambaya ko su Samanja sun taɓa siyasa

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron masu wasan kwaikwayo da aka yi kwanan baya a nan Kaduna, ka miƙe a gaban jama'a ka jefo mini tambaya mai kai biyu. Ka ce shin garin nan ya taɓa samun ƙungiyar da ke yi wa masu mulki shaguɓe cikin barkwanci, ko kuwa su Samanja, 'yan wasan kwaikwayon rediyo da talabijin na da, dariya kawai suka ba iyayenku aka tashi? Sannan ka ce ku ma kuna son kafa irinta, ta ina za ku faro? Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Sun taɓa siyasa, kuma sun taɓa ta a zamanin da bindiga ke mulki. Sai dai kujera suka riƙa yi wa dariya, sunan mai kujerar kuwa suka bar shi a aljihu. Wannan dabara gadonta suka yi. A fadojin ƙasar Hausa akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke shigar sarki da hakimai, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci, sarkin yana zaune yana kallo. A karkara akwai kalankuwa bayan kaka, samari su naɗa nasu sarkin da alƙalin, daga baya har da gwamna da ministoci. Ga 'yan kama da ke ɗaura rawani su zauna kamar malamai, karatun kuwa duk na tuwo ne da miya. Ga tashe a watan azumi. Duk cikinsu ba a kiran sunan kowa, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Wanda ya ɗauko abin ya kai shi makaranta da niyyar siyasa tsantsa shi ne Malam Aminu Kano. An kawo Kwalejin Katsina nan Kaduna a 1938, kuma yana ɗalibi a cikinta ya riƙa rubuta gajerun wasanni masu tona cutar da ake wa talaka a kasuwa da hannun masu riƙe da mulkin gargajiya. Tun kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950 yana wannan. Saboda haka idan ana lissafin tarihin shaguɓen siyasa a dandamali, Kaduna tana sahun farko.

Ƙungiyoyin da kake tambaya a kansu kuwa gidan rediyo ne ya haife su. Gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe, talabijin ya koma ƙarƙashin NTA a 1977, rediyon ya shiga cikin Rediyon Tarayya a 1978. Nan su Yusuf Ladan suka yi Zaman Duniya Iyawa Ne, nan Ƙasimu Yero ya yi Karambana, nan Umaru Ɗanjuma Katsina ya zama Kasagi, nan kuma Usman Baba Pategi ya zama Samanja Mazan Fama.

Bari in daɗe a kan Samanja, don a kansa amsarka take. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojan Nijeriya bai wuce kimanin 10,000 ba, da aka gama ya kai wajen 250,000. Bariki ya yi kaɗan, soja ya cika gidajen haya, yana zaune ɗaki jikin ɗaki da farar hula, ana haɗuwa a bakin famfo da wajen mai shayi. Kaduna kuwa garin soja ne, ga hedkwatar Runduna ta Ɗaya, ga makarantar hafsoshi ta NDA, ga barikin Jaji a kan hanyar Zariya. Mutum yana jin tsoron kaki, kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Cikin wannan hali wani soja na gaske, Banufe ɗan gidan sarautar Pategi, ya fito a akwatin talabijin na gwamnati yana tsawa da Hausar bariki gauraye da buroka, jama'a na kwashewa da dariya. Ka lura da muƙamin da ya zaɓa. Samanja shi ne mutumin tsakiya: gaban hafsa ya ƙame kamar icce, gaban kurtu ya zama zaki. Duk wanda ya kalle shi ya ga yadda iko ke gangarowa daga sama yana sauka a kan na ƙasa, ba tare da an ce masa ga abin da ake nufi ba. Talaka ya samu damar yi wa kaki dariya a cikin ɗakinsa, sojan kuma bai ji an ci masa mutunci ba, domin nasu ne ke yi, kuma ya san gaisuwar bariki da fareti ciki da bai. Baba Pategi ya bar soja a 1985, ya rasu a watan Nuwamba na 2023. Allah ya ji ƙansa, ya ji ƙan Ƙasimu Yero da ya riga shi a 2017.

Amma kada in yi maka daɗin baki. Wanda ke ci a akushin gwamnati akwai inda harshensa ke tsayawa, kuma nasu ya tsaya a samanja, bai kai janar ba. Suna da dalili. A 1964 gwamnatin Firimiya Akintola ta haramta wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Hubert Ogunde yin wasa a Jihar Yamma saboda wasansa Yoruba Ronu, ba a ɗage ba sai bayan juyin mulkin 1966. A 1984 dokar soja ta 4 ta kai 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari na shekara guda. A ganina zaɓin da 'yan Kaduna suka yi ya rage musu kaifi, ya ƙara musu kwana, kuma na fi son wuƙar da ta shekara ashirin tana yanka kaɗan-kaɗan a kan wadda aka ƙwace ran farko.

Yanzu ga ɓangaren aikinku. Kada ku wuce mutum shida zuwa takwas, kowa da halinsa guda da ba ya canzawa daga mako zuwa mako: mai kujera, ɗan korensa, talaka mai wayo, macen da ke faɗin abin da kowa ke tsoron faɗa, da baƙon da bai san dawan garin ba, mai tambayar da ke tona asiri. Magabatanku galibi ba haddar rubutu suke yi ba. Ana yarda da ƙashin labari, kowa ya cika nasa da bakinsa. Ku yi haka, amma ku rubuta ƙashin a shafi ɗaya: fitowa uku zuwa biyar, kowace a san wa zai buɗe ta, me ake so ya faru, da maganar da za a rufe da ita. Maganar rufewar nan ita kaɗai ce dole a haddace. In babu ita, fitowar minti biyu sai ta koma ta bakwai, kowa na jiran wani ya tsaya.

Ga misali. Ciyaman zai buɗe rijiyar burtsatse da ba ta taɓa kawo ruwa ba. Fitowa ta farko, da dare, ɗan kore na ciniki da mai garuwa a cika tankin, ya ba shi rabin kuɗi, saura sai an tashi taro. Ta biyu, an yanke kyalle, an murɗa famfo, ruwa na zuba, ana tafi, ciyaman ya kama jawabi ya manta a kashe. Jawabi na tsawo, ruwa na sirancewa, ɗan kore na zufa yana matsawa ya tare famfon da babbar riga. Ta uku, mai garuwa ya kutso tsakiyar taro da kurarsa, ya durƙusa ya ce, ranka ya daɗe, a ƙaro jarka goma ko a fara ba ni cikon na jiya? A nan za ku yanke. Kada wani ya fito ya yi wa'azi a kan cin amana. Wannan wa'azin ƙarshe shi ke kashe yawancin guntayen bidiyon da nake gani, don mai kallo ya riga ya gane tun ruwan na sirancewa.

Ku yi gwaji sau biyu kafin kamara, na farko don a samo maganganu masu daɗi, na biyu don a zubar da rabinsu. Mutum biyu kada su yi magana lokaci guda, makirufon waya ba ya rarrabewa, mai tacewa kuma ba zai iya ceto abin ba. Ku fi kashe kuɗi a kan sauti, jama'a na haƙuri da hoto mai duhu, ba sa haƙuri da maganar da ba a ji.

Abin da ke rusa irin ƙungiyoyin nan sananne ne. Na ɗaya zambo. Habaici na barin ƙofa, zambo kuwa ya kama suna ko ya kwatanta mutum har makaho ya gane shi, kuma da shi ake kai mutum gaban alƙali. A 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne da sharar harabar kotu ta kwana 30, kan ɓata sunan gwamnan lokacin. Ko kana ganin hukuncin ya yi tsauri, ni ma ina ganin haka, dokar ɓata suna tana nan, ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. In kun ce wane ya saci kaza, sai kun kawo takarda. In kun ce wani ciyaman, takardar na hannun mai kallo.

Na biyu kuɗin ɗan takara. Ranar da kuka karɓa kun zama sojojin baka, rabin masu kallonku sun tafi, kuma bayan zaɓe shi ma ba zai ɗaga wayarku ba. Gara tallar mai shago da mai gidan burodi. Na uku kuwa namu ne na Kaduna. Garin da ya ga rikicin 2000 da na 2002, har kogi ya zama kamar iyaka tsakanin mazauna, ba a wasa da addini a cikinsa. Karin harshe ma a yi hattara. Wasan Bakatsine da Banufe ko na Bafulatani da Babarbare yana da tushe, kowa ya san taubashinsa. Wanda ba taubashinka ba, in ka kwaikwayi harshensa don a yi masa dariya, zagi ka yi. Samanja ya ci riba da Hausar bariki ne don tasa ce.

Sai batun kuɗi tsakaninku. Tauraro zai fito a cikinku, ba makawa, kuma shafin da kuke ɗora wasa yana iya zama a wayar mutum ɗaya. Tun kafin kwabo ya shigo ku rubuta yarjejeniya: wa ke da sunan ƙungiya, mutum nawa ke riƙe da mabuɗin shafi, kashi nawa ke shiga asusun kayan aiki kafin a raba saura. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu.

Ku kuma adana aikinku. A zamanin su Baba kaset na da tsada, gidajen talabijin kan goge tsohon shiri su ɗora sabo, shi ya sa abin da ya rage na wasanninsu bai kai abin da aka yi ba. Kowane wasa ku ajiye asalinsa wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wata ma'ajiyar a gidan wani daban, da kwanan wata da sunayen waɗanda suka fito. Sauran dattawan da suka yi aiki a gidajen rediyo da talabijin na garin nan kuwa, ku je ku gaishe su da na'urar ɗaukar magana a hannu, ku tambaye su yadda ake tsara fitowa da abin da manya suka taɓa hana su sakawa.

Wassalam. A gaida sauran 'yan'uwanka.