Sanarwa kan yada zangonmu a Istanbul

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa ya tashi lafiya.

Ranar Asabar jirginmu zai yada zango a Istanbul, awa 11 kafin mu sake tashi. Maimakon zaman jira, mu leƙa gari. Za mu ga Aya Sofiya, ginin da aka kammala tun shekarar 537, sannan mu tsallaka fili mu yi azahar a Masallacin Sultan Ahmed. Ina so yaran nan su ɗaga kai su ga kubbar da idonsu.

Don Allah kowa ya tabbatar da bizarsa ta Turkiyya kafin Laraba, babu fita sai da ita. Fasfo ya zauna a jiki. Ƙarfe 4 za mu juya, hanyar filin jirgin tana da nisa, ga cunkoso.

Allah Ya kai mu lafiya.
Yayanku