Wasiƙa zuwa Kumasi game da gasar ƙwallon ƙafa ta mata a Najeriya

Lafiya, Jihar Nasarawa.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da dukkan 'yan uwa na zango. Mu ma nan muna lafiya, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da ka yi a kan inda Najeriya take samo 'yan matan da suka zame wa Afirka ƙarfen ƙafa a fagen ƙwallo. Na san abin da ya tayar maka da ita shi ne wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka ta mata da aka yi a Rabat a watan Yulin 2025, inda Maroko ta fara zura ƙwallo 2, amma Super Falcons, wato tawagar mata ta Najeriya, suka farke su duka, suka ƙara ta uku, suka ɗauki kofin karo na 10. Amsar ba ta cikin tawagar ƙasa, tana cikin wata gasa ta cikin gida wadda yawancin masu murnar wannan nasara ba su taɓa kallon wasanta ko ɗaya ba, kuma ita nake so in yi maka bayani a kanta.

An fara gasar ne a 1990 a ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wadda a lokacin ake kira NFA, kafin ta koma NFF. Ba hukumar ce ta ƙirƙiro ƙwallon mata a ƙasar nan ba, domin tun kafin ta sa hannu akwai mutane masu zuciya, musamman a Legas da Warri, da suke tara 'yan mata suna saya musu takalma da riguna daga aljihunsu. Ƙungiyar da ta fara cin gasar ita ce Jegede Babes ta Legas, wadda Gimbiya Bola Jegede ta kafa kuma take ɗaukar nauyinta. Ka lura da shekarar da kyau, domin a 1991 ne aka yi gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin, kuma Najeriya ce ta wakilci Afirka. Wato gasar cikin gida da tawagar ƙasa kusan tare aka haife su, kuma tun daga wancan lokaci ba a taɓa yin gasar kofin duniya ta mata ba tare da Najeriya ba.

Bayan Jegede Babes sai Ufuoma Babes ta Warri ta mamaye farkon shekarun 1990, sannan Pelican Stars ta Kalaba ta karɓe ragamar daga ƙarshen waɗannan shekaru zuwa farkon shekarun 2000. Daga waɗannan ƙungiyoyi aka samu matan da suka kai Najeriya matakin daf da na kusa da ƙarshe a gasar kofin duniya ta 1999 a Amurka, inda Brazil ta sha da ƙyar da ci 4 da 3 a ƙarin lokaci, bayan Najeriya ta farke ƙwallo uku da aka fara zura mata. Mercy Akide, wadda ita ce mace ta farko da aka ba kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka a 2001, ta taka leda a Jegede da Ufuoma da Pelican duka. Florence Omagbemi, da ta daɗe tana riƙe da kambun kyaftin, 'yar Warri ce, kuma ita ta dawo a matsayin mai horarwa ta ci wa ƙasar kofin Afirka a 2016.

Wani babban sauyi ya auku a hankali ba tare da an yi masa shela ba, shi ne komawar ƙarfi daga hannun ɗaiɗaikun mutane zuwa hannun gwamnatocin jihohi. Ƙungiyar da ta dogara ga mutum guda tana tafiya ne muddin aljihunsa da lafiyarsa suna tafiya, shi ya sa a yau ba ka jin Jegede ko Ufuoma a babban rukuni. Waɗanda suka gaje su na gwamnatoci ne: Delta Queens, da Bayelsa Queens, da Rivers Angels ta Fatakwal wadda ta ci gasar sau uku a jere daga 2014 zuwa 2016, sai kuma Edo Queens da ta ci karonta na farko a 2024. Idan ka ɗora sunayen nan a kan taswira za ka ga kusan duk zakarun sun taru ne a yankin Neja Dalta, wato jihohin da ke da kuɗin mai. A ganina wannan tsari ya ceci gasar daga mutuwa, amma ya ɗaure ta da igiyar siyasa, domin jin daɗin 'yan wasa ya koma ga ko gwamnan da ke kan kujera yana da sha'awar wasanni, ko kuwa kwamishinansa yana da bakin magana a majalisar zartarwa. Har yanzu akwai masu zaman kansu da suke ƙoƙari, irin su FC Robo ta Legas da Remo Stars Ladies ta Ikenne, kuma FC Robo ɗin nan ce ta reni taurarin tawagar ƙasa Asisat Oshoala da Rasheedat Ajibade.

Game da tsari kuwa, hukumar da ke gudanar da gasar ita ce NWFL, wadda take ƙarƙashin NFF amma tana da shugabanninta. Aisha Falode, fitacciyar 'yar jaridar wasanni, ta karɓi shugabancinta a 2017, sannan Nkechi Obi ta gaje ta a 2023. Gasar tana da matakai uku. Na sama shi ake kira Premiership, na tsakiya Championship, na ƙasa kuma Nationwide, inda ƙananan ƙungiyoyi da makarantun koyon ƙwallo suke fafatawa. Waɗanda suka ƙare a ƙasan teburi a babban rukuni sukan faɗa na tsakiya, waɗanda suka yi fice a na tsakiya kuma su haura sama. Ban da wannan akwai gasar cin kofin ƙalubale ta mata, wadda ake yi ta hanyar sili ɗaya ƙwale.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne yadda ake fitar da zakara, domin ba kamar gasar Ingila ba ce da wanda ya fi maki a ƙarshen kaka yake ɗaukar kofi. A 'yan shekarun nan akan raba ƙungiyoyin babban rukuni gida biyu, kowace ta yi wasa gida da waje da 'yan rukuninta, sannan uku na sama daga kowane ɓangare su haɗu a gari guda su yi wata 'yar gajeriyar gasa da ake kira Super 6. A can kowace ƙungiya takan kara da sauran biyar cikin 'yan kwanaki, wadda ta fi maki ita ce zakarar ƙasa. Masu suka suna cewa ba adalci ba ne ƙungiya ta yi wata da watanni tana tara maki, sannan rauni ɗaya ko mako guda na rashin sa'a ya rushe mata komai, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai duk wanda ya san hanyoyinmu ya san abin da ya haifar da tsarin. Daga Yola zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, kuma a mota ake yin tafiyar, don haka rage yawan wasanni shi ne rage kuɗin mai da na masauki da kuma haɗarin hanya. Kuɗi da nisa su suka zana wannan tsari, ba wata dabara ta ƙwallo ba.

Na taɓa isa filin wasa da wuri wata ranar Laraba, domin sau da yawa a tsakiyar mako ake buga wasannin mata, sai na tarar da motar baƙi tana shigowa, jikinta ya yi buɗu-buɗu da ƙura. 'Yan matan suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya suna miƙe ƙafafun da suka kumbura, kowace da jakarta a kafaɗa, mai tsaron raga kuma ta rataye safar hannunta a wuya. Ba a karɓi kuɗin shiga ba, amma duk da haka kujeru sun fi 'yan kallo yawa, har kana iya jin kowace kalmar da mai horarwa yake faɗa daga bakin layi. Da aka take leda kuwa, sai na ga saurin gudu da iya karɓar ƙwallo da ban zata ba, na kuma fahimci cewa wasu daga cikin yaran nan da ke shan ruwan leda a hutun rabin lokaci su ne za mu riƙa gani a talabijin nan da 'yan shekaru.

Haka kuwa abin yake tafiya. Oshoala ta bar FC Robo zuwa Rivers Angels, ta zama gwarzuwar gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada a 2014, daga nan ta wuce Liverpool da Arsenal, ta yi zama a ƙasar Sin, ta kai Barcelona, ta ci kyautar gwarzuwar Afirka sau 6. Chiamaka Nnadozie, wadda ta tare bugun fenariti a wasan Najeriya da Kanada a kofin duniya na 2023, daga Rivers Angels ta tafi Paris FC a 2020. Ba na ganin laifin kowace yarinya da ta samu hanya ta tafi, domin shekarun ƙwallo kaɗan ne kuma akwai iyaye da ƙanne a bayanta. Abin da ke damuna shi ne gasar ta zama tamkar gonar da ake yin iri, da shuka ta yi kyau sai a tuge ta a kai wani wuri. Mafi yawan waɗanda suka ci kofi a Rabat a ƙasashen waje suke wasa, kuma da suka dawo Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 ga kowace da gida da lambar girmamawa. Sun cancanci abin da aka ba su. Amma da za a ware ko kaɗan daga irin wannan hoɓɓasa a zuba a gasar da ta rene su, da an ga bambanci.

Raunin yana fitowa fili idan ƙungiyoyinmu suka fita waje, kuma a nan ku mutanen Gana kuna da abin alfahari. Tun da aka fara gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta Afirka a 2021, zakarar Najeriya sai ta bi ta wasannin share fage na yankin Afirka ta Yamma. A shekarar farko Hasaacas Ladies taku ta doke Rivers Angels a wasan ƙarshe na yankin, ta kuma kai har wasan ƙarshe na nahiya a Masar, inda Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta yi nasara. A 2022 Bayelsa Queens ta zo ta uku a Maroko, a 2023 Ampem Darkoa ta Techiman ta hana Delta Queens tafiya, a 2024 kuma Edo Queens ta tsaya a wasan kusa da na ƙarshe a hannun TP Mazembe ta Kwango. Ƙasar da ta fi kowa kofunan Afirka a matakin tawaga, sai ga ƙungiyoyinta suna kallo wasu suna ɗaukar kofin zakaru.

Saura batun Arewa, wanda na san shi ne ya fi taɓa mu. Nasarawa Amazons ta nan Lafiya ta ci gasar a 2013 da 2017, ta nuna cewa kofin yana iya tsallako kogin Binuwai, kuma Adamawa Queens ta Yola ta yi wasa a babban rukuni. Amma manyan garuruwan ƙwallo irin su Kano da Katsina, waɗanda filayensu suke cika maƙil idan maza za su yi wasa, ba ka jin ɗuriyarsu a cikin zakarun mata. Iyaye suna da damuwa ta gaskiya game da sutura da tafiye-tafiye da kwana a masauki, kuma ban ga amfanin yi musu ba'a ba. Maganar sutura dai ta yi sauƙi, domin tun 2014 dokokin ƙwallo suka amince da rufe kai, kuma a kofin duniya na 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga wasa da hijabi. Abin da ya rage shi ne mata masu horarwa da masu kula da yara, da gasar makarantun 'yan mata da iyaye za su amince da ita, domin daga irin wannan wuri ake shiga matakin Nationwide.

Idan za ka rubuto, ka yi mini bayanin yadda taku gasar take, domin na ji ku ma kun raba ta zuwa yankin arewa da na kudu, kuma ina son sanin ko 'yan matan zango suna shiga ƙungiyoyin. Ka gaishe mini da uwargida da yara da Malam Liman. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.