Kafin a Sayi Tsohon Masaukin Ƙauye a Ingila

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili don jan hankalin masu sha'awar zuba jari a tsofaffin masaukan baƙi da ake yawan sa wa a kasuwa a ƙauyukan Ingila. Irin waɗannan gidaje, wasu sun haura shekara 300, a da can matafiya masu keken doki ne ke yada zango a cikinsu. Hoto kan yi kyau, farashi kan yi sauƙi, amma kuɗin da ke jiran mai saye yana cikin bango da rufi da kuma doka.

Abin da za a fara bincika shi ne ko gidan na cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke kula da ita. Matakai uku ne: I da II* da II, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na mataki na II ne. Idan gidan na cikin rajistar, wata doka ta 1990 ta hana a canja duk abin da ya shafi asalin ginin, ciki da waje, sai da izinin ƙaramar hukuma. Sauya taga ko fasa bango don ƙara banɗaki ba da izini ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba: idan tsohon mai gida ya yi gyara ba bisa ƙa'ida ba, sabon mai gida ne hukuma za ta tilasta wa ya mayar da shi yadda yake.

Sai danshi, wanda shi ne babban ciwon waɗannan gidaje. An gina su ne da kwaɓin farar ƙasa, wadda ke barin ruwa ya shiga ya kuma fita. Da zarar wani ya yi musu filasta da siminti, ruwan sai ya maƙale a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, dutse ko bulo ya fara farfashewa, kawunan katakon da ke ɗauke da bene su ruɓe daga cikin bango inda ido ba ya gani. Can ne ƙwarin katako ke samun wurin zama. Don haka a ɗauko masanin tsofaffin gine-gine, ya hau silin, ya soka kawunan katakon da tsinken ƙarfe, ya duba indararo da gindin bututun hayaƙi. Idan rufin jinka ne, a tambayi shekarar da aka yi shi. Ƙololuwar jinkar kan nemi sabuntawa duk shekara 10 zuwa 15, kuma inshorar gidan ta fi tsada saboda haɗarin gobara. Ginin da aka yi wa gyara kafin 2000 yana iya ƙunsar asbestos, wani kayan gini mai illa ga huhu, domin sai a 1999 aka haramta shi baki ɗaya.

Ƙauyuka da yawa ba su da magudanar gwamnati. Idan ramin bahayan gidan na zubar da ruwa kai tsaye cikin rafi, doka ta ce a sauya shi.

A ɓangaren kasuwanci, a nemi lissafin shekara uku, wata-wata, domin cinikin bazara kan rufe asarar hunturu. Ma'aikatan da ke nan suna bin gidan zuwa hannun sabon mai shi da duk haƙƙoƙinsu. Mayar da mashayar da ke masaukin gidan zama kuwa sai da izini na musamman.

Kada kuma a raina mutanen ƙauyen. Wata doka ta 2011 ta ba su damar yi wa gidan rajista a matsayin kadarar al'umma, su dakatar da cinikin har wata shida don su tara kuɗi. Mutanen Hesket Newmarket a Cumbria sun haɗa kai sun sayi mashayar ƙauyensu, Old Crown, tun 2003. Gidan mashayar Crooked House da ke Staffordshire kuwa ya ƙone a Agustan 2023 jim kaɗan bayan an sayar da shi, aka rushe shi bayan kwana biyu, kuma a Fabrairun 2024 ƙaramar hukuma ta ba da umarnin a sake gina shi kamar yadda yake, duk da cewa ba ya ma cikin rajistar tarihi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga wani mai karanta jaridarku