Maganar gansakukar tankin nan

Salam mutumina, ya Jidda, ya aiki? Mu nan Maradi lafiya lau, sai zafi, an yi ruwa sau biyu amma gulbi bai kawo ba tukuna.

Na ga hotunan tankin kifin ruwan gishirin nan da ka turo a WhatsApp, wallahi raina ya ɓaci, duwatsun da na yi shekara ina lallaɓawa duk gansakuka ta rufe su har ta fara hawa murjanin da muke kiwo a ciki. Don Allah kar ka zuba maganin nan da mai shago ya ba ka. Ka tuna gonar gero, in ka watsa taki ciyawa ce ke fara tashi, to haka abin yake, nitrat da fosfat ɗin da ke cikin ruwan su ne dai irin na buhun NPK, kuma kai kake zuba su da hannunka ba ka sani ba, abincin da kifi ba su cinye ba da kashinsu duk can suke ruɓewa. Na san halin maigida, in baƙi sun zo sai ya ce a ƙara musu abinci a gani. Ka lallashe shi, abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa.

Sai ruwa. Kar ka cika da na famfo, na injin tace ruwa na RO kawai, in mitar auna dattin ruwa ta daina nuna 0 ka canza matatar injin. Wanda ya ƙafe ka mayar da shi ba gishiri, gishirin bai zuwa ko'ina, awon gishirin ya tsaya 1.025. Duk sati ka canza kashi 10 cikin ɗari, lokacin ka tsige gansakukar da hannu kana zuƙe ta da tiyo, in ka bari ta watsu aikin banza ka yi. Kofin sikima, injin nan mai kwashe datti da kumfa, kuma a wanke, fitila awa 8 ta isa.

Amma fa kar ka ce sai awon nitrat da fosfat ya nuna sifili, ni na taɓa yi, murjani ya koɗe kamar tsohon zane sannan wani yauƙi ruwan ƙasa ya fito wanda ya fi na farko wahala. Nitrat wajen 5, fosfat 0.05, ka bar su nan. Zai ɗauki wata biyu ko fi, ka yi haƙuri da shi.

Dodon koɗin nan masu cin gansakukar nawa suka rage? Ka ƙirga ka gaya min, in sun mutu a ƙaro. Na je gida jiya, Inna na gaishe ka, ta ce saƙo ya iso.

Naka