Ba Mawaƙa Ne Suka Sauya Amurkawa Ba

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na ranar Lahadin da ta gabata, wanda na saurara a cikin mota ina jiran fasinja, kuma har yanzu raina bai huce ba. Kusan rabin sa'a kuka kwashe kuna sa kiɗa kuna dariya, sannan mai gabatarwa da baƙonsa suka tsaya a kan magana ɗaya, wai mawaƙa ne suka juya wa Amurkawa tunani har suka karɓi 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, kuma wai bikin jerin gwanon da 'yan luwaɗin suke yi kowane watan Yuni ba komai ba ne face rawa da tsiraici. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma kun faɗe ta ga jama'ar da ba su da halin zuwa su gane wa idonsu.

Ni Musulmi ne, na san abin da malamanmu suka karantar da mu a kan wannan al'amari, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Amma shekara 19 ke nan ina tuƙin tasi a birnin New York, kuma gani ya kori ji. Kowace Lahadin ƙarshe ta watan Yuni ana rufe titin Fifth Avenue saboda wannan jerin gwano, mu direbobi mu wuni muna zagaye cikin cunkoso. Rawar da kuka ambata tana nan, kiɗan ma yana nan, har da shigar da nake kawar da kaina idan na gani. Sai dai da wakilinku ya tsaya ya dubi taron da kyau, da ya ga tsofaffi masu dogara sanda, da iyaye mata riƙe da hotuna, kuma a kan waɗannan ne ba ku ce uffan ba.

Wata shekara na ɗauko wata dattijuwa Baturiya daga tashar jirgin ƙasa, ta ce in kai ta iyakar inda 'yan sanda za su bar mota ta wuce. Tana rungume da hoton wani saurayi a cikin firam, gefen hoton duk ya koɗe. Da ta ga ina kallonta ta madubi, sai ta ce ɗanta ne, ƙanjamau ta kashe shi a 1989. Ta ce ranar da ya gaya musu ko shi wane ne, ita da mahaifinsa suka fitar masa da kayansa waje, kuma ba ta sake sa shi a ido ba sai a gadon asibiti, ya rame har ba ta gane shi ba sai da ya yi magana. Tun daga lokacin take zuwa kowace shekara. Da za ta sauka hannunta yana rawa, sai da na zagayo na buɗe mata ƙofa na riƙe mata hoton ta gyara mayafinta. Ranka ya daɗe, wace waƙa ce ta sauya zuciyar wannan mata? Ba ta ambaci sunan mawaƙi ko ɗaya ba. Mutuwar ɗan cikinta ce ta sauya ta, da nadamar da za ta bi ta har kabari.

Irin wannan labari shi ne ainihin tarihin, kuma bai yi wuyar samu ba da kun nema. Bikin ya samo asali ne daga samamen da 'yan sanda suka kai wata mashayar 'yan luwaɗi mai suna Stonewall a unguwar Greenwich Village ranar 28 ga Yuni 1969, inda mutanen da suka gaji da kame da duka suka yi turjiya, aka kwashe kwanaki ana arangama. Da shekara ta zagayo, a 1970, aka yi jerin gwano na farko don tunawa da wannan dare. A 1972 wata malamar makaranta mai suna Jeanne Manford, wadda aka yi wa ɗanta duka, ta fito ta yi tattaki a gefensa tana ɗauke da kwali, kuma daga nan ne ƙungiyar iyayen irin waɗannan yara ta kafu. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire wannan hali daga jerin cututtukan tabin hankali. Sai ƙanjamau ta ɓulla a 1981, kuma kafin ƙarshen 1990 ta kashe sama da mutum 100,000 a ƙasar, akasarinsu maza masu neman maza. A wannan lokacin ne iyalai da yawa suka gane cewa wanda suke zagi a titi yana cikin gidansu, ɗansu ne ko ƙanensu ko abokin aikinsu.

Su mawaƙan da kuka ɗora wa komai, yawancinsu ɓuya suka yi har sai da jama'a suka riga su sauyawa. Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, bai sanar da duniya cewa yana da ƙanjamau ba sai ana gobe zai mutu, a watan Nuwamba 1991. Elton John mace ya aura a 1984. Ricky Martin bai fito fili ba sai 2010, bayan shekaru ana tambayarsa yana zillewa. Shi kuwa Lil Nas X da kuka yi ta maimaita kiɗansa, a 2019 ya bayyana kansa, shekara huɗu bayan Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi ɗaya a duk faɗin ƙasar a watan Yuni 2015. Kamfanonin kiɗa 'yan kasuwa ne, inda suka ga kuɗi nan suke bi. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Gallup ta nuna cewa a 1996 kashi 27 cikin ɗari na Amurkawa ne kawai suke goyon bayan wannan aure, a 2021 ya kai kashi 70. Ban ce waƙa ba ta da tasiri a kan matasa ba, amma a nan bayan ayari ta biyo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai kiran wayar da ya ce a tara su a zuba musu fetur, mai gabatarwa kuma ya yi dariya ya ce a ci gaba da kira. Ina nan ƙasar ranar 12 ga Yuni 2016, cikin watan azumi, lokacin da wani mai ɗauke da sunan Musulmi ya shiga gidan rawar 'yan luwaɗi a birnin Orlando ya harbe mutum 49. Washegari na fita aiki gabana yana faɗuwa, har na yi tunanin cire carbin da ke rataye a madubina. Da yamma wasu maza biyu suka shiga motata riƙe da hannun juna, idanunsu sun yi ja saboda kuka. Ɗaya ya dubi carbin, ya dubi sunana a jikin lasisi, sannan ya tambaye ni ko azumi nake yi, ya ce kada in ji tsoro, sun san ba mu muka aika shi ba. Da za su sauka ya miƙo mini gorar ruwa ya ce in ajiye don shan ruwa. Wannan mutumin ne mai sauraronku yake so a ƙona, ku kuma kuka yi dariya.

Kun san inda muryarku take kaiwa. Kun tuna watan Janairu 2014, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, yadda taron jama'a suka yi ta jifan kotu a Bauchi suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma. Ko wanda ya fi kowa goyon bayan wannan doka ya san ba ta ba kowa izinin ɗaukar doka a hannunsa ba, kuma a wajenmu zargi kaɗai ya isa a hallaka mutum, ko ɗan daudun da ke sayar da abinci a tasha, ko yaron da maƙiyin ubansa ya yi wa sharri.

Wani abu kuma, tun da kuka sauya lokacin shirin wasiƙu ba ku ƙara karanta saƙon mu mazauna ƙetare ba, kuma sautin da kuke sawa a intanet yakan yanke kafin shiri ya ƙare. Sau uku ina rubutowa a kan haka ba amsa.

Ina roƙon ku sake shirin, ku nemo wanda ya san tarihin ya yi bayani, ku kuma ja wa mai gabatarwa kunne ya fito ya janye dariyar nan a gaban masu sauraro, a daidai lokacin da ya yi ta.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Bronx, New York.