Baƙonku bai taɓa taka Dukawuya ba

Ranka ya daɗe Edita,

Shirinku na daren Lahadi ya hana ni barci. Malamin da kuka gayyato ya ce wai Kano ta faɗi a 1903 ne don kawai Bature na da bindiga mai ruwa, Kanawa kuma sai kwari da baka. Shi ke nan, ya tattara yaƙi guda cikin numfashi ɗaya, mai gabatarwa yana ta “haka ne, Malam”.

Ba haka ba ne. Wanda duk ya taɓa tsayawa a Ƙofar Dukawuya ya san Kanar Morland, jagoran sojojin Turawa, bai samu abin a ɓagas ba. Nan ya fara kafa igwarsa ranar 3 ga Fabrairu, ya yi ta ɓarin wuta, ganuwa ko gezau. Ƙasa ce mai kauri, harsashi ya shiga ya kwanta. Ga gwalalo a gabanta, ga ƙaya. Ƙofar kuma magina sun lanƙwasa ta ciki, yadda mai harbi ba zai same ta kai tsaye ba. Da ya ga ba ci, sai ya zagaya Kabuga, can ya samu ya fasa. Me ya sa Kabuga? Tambayar da na zauna jira ke nan har aka rufe shirin.

Ni malamin firamare ne, ba ni da digiri a tarihi. Amma shekaru uku da suka wuce na kwashi 'yan aji shida muka bi sawun ganuwar da ƙafa daga Dukawuya zuwa Kabuga, rana tana dukanmu. Wani yaro ya haye kan guntun da ya rage, takalminsa ya zame, ya sauko da jar ƙasa har gwiwa. Shi ne ya ce mini, “Malam, ashe daga sama ana hango mutum tun yana nesa.” Yaron nan ya fahimci yaƙin fiye da baƙonku.

Kuma ta yaya za a yi maganar ranar ba a ce Sarki Alu ba ya gari ba? Ya tafi Sakkwato da manyan barade da dawakai. Sarkin Shanu, wani babban bafade, aka bar wa birni, shi ya tsaya har aka kashe shi a fada. Ko sunansa ban ji ba. Waziri Ahmadu da ya faɗi daga baya a yaƙi da Turawa a Kwatarkwashi shi ma shiru.

Don Allah in za ku sake, ku ɗauki rakoda ku je wurin, ku tsaya cikin ramin, tun kafin masu ɗibar ƙasa su ƙarasa abin da igwa ta kasa.

Sannan tallar maganin basir ɗin nan da kuke cusawa tsakiyar shiri har sau huɗu, da surukata muke saurare. Ku mayar da ita bayan labarai.

Naku,
Mai sauraro daga Gwale, Kano