Gano Sabon Ƙwaro Daban, Raɗa Masa Suna Daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani irin labari da jaridu suka saba sakawa a can ƙasan shafi, wato labarin da ke cewa masana kimiyya sun gano sabuwar halitta. Yawanci layi huɗu ne ko biyar, tare da hoton wani ƙwaro ko wata tsutsa mai ban mamaki, mai karatu ya kalla ya girgiza kai ya wuce. Abin da ke damuna shi ne kalmar "gano" tana rufe mafi yawan aikin, domin kama halittar a daji ko a ƙarƙashin teku shi ne mataki mafi sauƙi, wahalar kuwa tana wajen tabbatar da cewa ba a taɓa bayyana ta ba, da rubuta siffofinta, da ajiye ta a muhallinta cikin jerin 'yan'uwanta, da raɗa mata sunan da duk duniya za ta amince da shi.

Kafin komai, ya kamata mai karatu ya san yawan abin da ake magana a kai. Dabbobi marasa ƙashin baya, irin su ƙwari da gizo-gizo da kunama da ƙaguwa da dodon koɗi da tana da matsattsaku, su ne fiye da kashi 95 cikin ɗari na dukkan nau'o'in dabbobin da aka sani. Ƙwari kaɗai an bayyana nau'i kusan miliyan ɗaya, kuma daga cikinsu masu taurin fiffike, dangin buzuzu, sun doshi 400,000. Kundin sunayen gizo-gizo na duniya ya cika nau'i 50,000 a shekarar 2022. Duk da haka, abin da aka sani bai kai abin da ya rage ba. A 1982 Terry Erwin, wani masanin ƙwari Ba'amurke, ya yi lissafi daga ƙwarin da ya kakkaɓo da feshi daga bishiyoyi iri ɗaya a ƙasar Fanama, ya ce nau'o'in za su iya kai miliyan 30. Masana sun rage wannan adadi daga baya, amma wani ƙiyasi da aka buga a 2011 ya nuna cewa wajen kashi 86 cikin ɗari na halittun tudu da kashi 91 na halittun teku ba su da suna har yanzu.

Tsarin da ake bi wajen suna ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, wanda bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, na shekarar 1758, aka ɗauka a matsayin mafarin sunayen dabbobi na kimiyya. Kowane nau'i yana da suna mai kalma biyu, ta farko ta dangi, ta biyu ta nau'in kansa. Abin dariya shi ne shi kansa Linnaeus bai ba waɗannan halittu haƙƙinsu ba, domin gida biyu kacal ya yi musu, ɗaya na ƙwari, ɗaya kuma na tsutsotsi, inda ya zuba duk abin da ya rasa wurin sawa, har da dodon koɗi da halittun teku masu laushin jiki. Bafaranshen nan Lamarck, wanda aka ɗora wa kula da wannan sashe a gidan adana halittu na Faris a 1793, shi ne ya fara warware wannan cakuɗa da gaske, kuma daga wurinsa ne laƙabin "marasa ƙashin baya" ya bazu.

Yadda aikin ke tafiya a yau yana buƙatar haƙuri irin wanda mutane kaɗan ne ke da shi. Mai bincike zai kamo halittar, ya tsire ta da siririyar allura idan ƙwaro ne mai taurin jiki, ko ya jiƙa ta a ruwan etanol idan mai laushi ce, sa'annan ya maƙala mata 'yar takarda mai ɗauke da wurin da aka kama ta da ranar da sunan wanda ya kama, domin samfurin da ba shi da wannan takarda ya yi asarar mafi yawan darajarsa. Daga nan sai ya zauna gaban madubin ƙara girma yana ƙirga gaɓoɓin ƙafa, yana duba yadda jijiyoyin fiffike suka rarrabu, yana auna tsawon gashin da ido ba ya gani. A wajen ƙwari da gizo-gizo da yawa, sai an feɗe gaɓoɓin haihuwa an zana su, domin nau'i biyu suna iya zama kamar an tsaga kara a waje, bambancin yana can ciki. Bayan wannan ne aiki mafi cin rai yake zuwa, wato bin duk abin da aka taɓa rubutawa a kan wannan dangi tun daga 1758, da Latin ne ko Jamusanci ko Rashanci, da neman aron samfuran da aka ajiye a gidajen adana halittu na wasu ƙasashe domin a gwada. Charles Darwin ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, a kan wasu 'yan halittun teku masu manne wa duwatsu da jikin jirage kaɗai.

Sunan kuma ba ya tabbata sai ya cika sharuɗɗan kundin ƙa'idojin sunayen dabbobi na duniya, wanda wata hukuma da aka kafa a 1895 take kula da shi, kuma bugunsa na huɗu ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2000. Dole a buga bayanin a inda kowa zai iya samu, a faɗi abin da ya bambanta sabon nau'in da makusantansa, a kuma ayyana samfurin asali, wato wanda sunan ya rataya a kansa, wanda za a koma gare shi duk ranar da gardama ta tashi. Idan aka gano cewa mutum biyu sun raɗa wa abu ɗaya suna, na wanda ya riga bugawa shi ne ke tsayawa. Tun daga 2012 an yarda a buga sabon suna a mujallar intanet kaɗai, muddin an yi wa aikin rajista a ZooBank, rumbun sunayen dabbobi na intanet. Ƙa'idar ta fi damuwa da kada suna ya riƙa canzawa fiye da kyawunsa, shi ya sa wani makahon ƙwaro mai zama cikin kogon dutse a ƙasar Sulobeniya yake ɗauke da sunan Hitler tun 1937, duk da kiraye-kirayen da ake yi a sauya shi.

Saboda duk wannan ne jinkiri ya zama ruwan dare. Wani nazari da aka buga a 2012 ya nuna cewa, a matsakaici, shekara 21 samfuri ke yi a ajiye tsakanin ranar da aka kama shi da ranar da aka bayyana shi. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani dodon koɗi da aka samu a 2001 a zurfin da ya haura kilomita biyu a Tekun Indiya, kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi, wanda ƙafarsa ke lulluɓe da ɓawo mai ɗauke da sinadarin ƙarfe. Masana sun yi ta rubutu a kansa da laƙabi kawai, bai samu sunansa na Chrysomallon squamiferum ba sai a 2015. Shekara huɗu bayan haka, a 2019, aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa saboda shirin haƙar ma'adinai a ƙasan teku. Wanda ba shi da suna da wuya ya shiga irin wannan jeri, da wuya kuma doka ta ambace shi.

Wani zai ce, mene ne amfanin ɓata shekaru a kan gashin ƙafar ƙwaro? Amsar tana cikin tarihin zazzaɓin cizon sauro a Turai. A farkon ƙarni na 20 likitoci sun rasa gane dalilin da ya sa ake samun sauron da suke kira Anopheles maculipennis a wurare da yawa, amma cutar tana addabar wasu yankuna ta bar wasu. Sai a shekarun 1920 da 1930, da aka lura da zanen da ke jikin ƙwayayen sauron, aka fahimci cewa nau'o'i ne da dama suke fakewa a ƙarƙashin suna ɗaya, wasu sun fi son jinin dabbobi, wasu kuma na mutum. Kama da wane ba ta wane. Irin wannan ne ya faru da ƙwaron nan mai farin gari a jiki da ya auka wa gonakin rogo a Afirka a shekarun 1970, wanda aka bayyana a 1977 da sunan Phenacoccus manihoti. Da aka tafi Kudancin Amurka neman halittar da ke kashe shi, an fara tattaro maƙiyan wani ƙwaro mai kama da shi, suka kuwa ƙi yin aiki, har sai da masu tantancewa suka nuna cewa nau'i biyu ne daban. Daga baya aka samo ainihin ƙwaron a Faraguwai tare da wata 'yar ƙaramar rina mai saka ƙwai a cikin jikinsa, kuma sakinta daga farkon shekarun 1980 shi ne ya karya lagon annobar.

Ita kanta bishiyar rarraba halittu gida-gida ba a gama sassaƙa ta ba, domin wani lokaci abin da aka samo ba ya shiga kowane gida da aka sani. A 1995 masana biyu 'yan ƙasar Denmak, Peter Funch da Reinhardt Kristensen, sun bayyana wata halitta da ba ta kai rabin milimita ba, mai zama a bakin wani babban jatan lande na tekun arewacin Turai, sai da aka buɗe mata babban reshe nata na kanta. A 2002 an ƙara sabon rukuni guda cikin rukunan ƙwari, kuma an fara gane shi ne daga tsoffin samfuran da suka daɗe a akwatunan ajiya kafin a je a same shi da rai a Namibiya.

Yanzu gardamar da ta fi zafi a tsakanin masu wannan fanni ita ce ta sauri. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan guntun DNA, wato sinadarin gado da ke jikin kowace halitta, mai haruffa kusan 650, a matsayin lambar shaidar kowace dabba. Hanyar ta yi amfani ƙwarai, domin tana haɗa tsutsa da uwarta, tana haɗa namiji da macen da ba su yi kama ba, tana kuma tona asirin nau'o'in da suka ɓuya a bayan juna. Amma a 2021 wasu masana suka raɗa wa ƙananan rina 403 na ƙasar Kosta Rika suna a aiki ɗaya, suna dogaro galibi da wannan lamba da hoto, ba tare da cikakken bayanin siffa ba. Hujjarsu ita ce dazuzzuka na ƙarewa, idan aka ce sai an bi tsohuwar hanya, halittun za su shuɗe kafin layi ya zo kansu. Na fahimci wannan damuwa, amma ban gamsu ba. Sunan da ba a gwada shi da tsoffin sunaye ba yana iya zama maimaici, tunda yawancin samfuran asali na da ba a karanta DNA ɗinsu ba, kuma wanda zai zo daga baya shi zai sha wahalar warwarewa, ga shi kuma malamin gona ko jami'in lafiya da ba shi da na'urar karanta DNA ba zai iya gane komai da irin wannan suna ba. A nan ne sauri yake haifar da nawa. Haka nake kallon abin da aka yi a 2015, lokacin da aka bayyana wani ƙuda na Afirka ta Kudu daga hoto kawai ba tare da an ajiye samfuri ba. Hoto ba ya feɗuwa, ba a kuma juya shi a duba ɗaya gefen.

Su ma samfuran ba su da tabbacin tsira. Gobarar da ta cinye babban gidan tarihi na ƙasar Burazil a Riyo ranar 2 ga Satumba, 2018, ta haɗa da tarin ƙwari kusan miliyan biyar, cikinsu har da samfuran asali masu yawa, wanda ke nufin akwai sunayen da yanzu ba su da abin komawa sai zane da bayanin da aka rubuta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa nake ganin cikakken bayani da zane mai kyau ba ƙawa ba ne.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan irin wannan labari ya sake zuwa teburinka, a ƙara masa layi uku. A rubuta sunan kimiyyar daidai, kalmar farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami. A faɗi shekarar da aka kama halittar da shekarar da aka bayyana ta, domin mai karatu ya ga tazarar da idonsa, a kuma faɗi gidan da aka ajiye samfurin asali. Sa'annan a yi hattara da kalmar "sabuwa", domin sau da yawa sabuwa ce a littattafan masana kawai, mutanen da ke zaune kusa da ita sun daɗe da saninta, wataƙila ma suna da sunan da suke kiranta da shi, kuma ya dace wakilinka ya tambaya ko masu binciken sun rubuta wannan suna a cikin bayaninsu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarka.